Pompon da Arzika Ya Ba da Aro

Arzika ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni a tashar Ƙwanni, ina tsaye gaban mai shayi da buhu a hammata. Wayata ta kwana a mace, na kai ta wurin mai sharji. Ina kunna ta, kafin in buɗe saƙo ko ɗaya, sai ga kiran Bawa, ƙanen Arzika.

Ya ce, "Yaya Tankari, kana ina?"

Na ce, "Ga ni Ƙwanni. Ka hwaɗa ma wanka na samo, yanzu nika tahowa."

 Sai ya ce, "Yaya, kak ka yi gaugawa. Tun jiya munka kai shi."

Innalillahi.

Ban yi kuka ba a lokacin. Ban ma ajiye buhun ba. Mai shayi ne ya ga yadda na tsaya, ya zagayo ya zaunar da ni a benci.

Abin da ke cikin buhun pompon sitiyari ne. Arzika ne ya aike ni in nemo.

Waɗanda suke Dogon Dutsi ba sai na gaya muku wane ne Arzika ba. Waɗanda ba su san shi ba, makanike ne, garejinsa na ƙarƙashin itatuwan bedi. Gajere, mai faɗin ƙirji, kullum da tsinke a baki. Abokina ne tun muna samari, ni ina koyon tuƙi shi yana koyon kwance inji.

Rubutun nan zai yi tsawo, kuma ina yin sa ne da ɓacin rai. Wanda ya zo neman kalamai masu sanyi ya wuce gaba, akwai su da yawa yau, na gani.

Na san ajali. Kada kowa ya shigo ƙasan rubutun nan ya koya mini. Na yarda ranarsa ce ta yi. Amma akwai abin da Allah ya yi, akwai kuma abin da mutane suka ƙi yi, kuma na biyun nake so in faɗa.

Ni direba ne. Shekaru na yi ina jan tsofaffin motocin kasuwa cikin yashin Arewa, masu sitiyarin da sai ka tokare ƙafa kafin ya juya. Wata rana tayar gaba ta daki kututture a ɓoye cikin yashi, sitiyari ya fizge, ya tafi da kafaɗata ta hagu. An ɗora, ta warke, amma ƙarfin bai dawo ba. Masu motoci suka riƙa ce mini, "Sannu Tankari, Allah shi ƙara sauƙi," suna miƙa wa wani makulli.

Arzika bai taɓa ce mini sannu ba.

Abin da ya yi, ya zo gidana da safe ya ce wai kunnensa ya fara nauyi, yana son in riƙa zama a gareji ina saurara masa inji. Ƙarya yake yi. Mutumin da ke jin mota tun daga kwana ya gaya maka wace ce da abin da ke damunta. Amma ya tsaya a kan haka, har a gaban mutane. Sofer yake kirana, wato direba, ni kuma in ce masa Patron, wato maigida. Sai a tada inji ya juyo ya ce, "Sofer, mi ka ji?" In na faɗa ya gyaɗa kai kamar bai sani ba.

Da yamma kuma ya cusa mini wani abu a aljihu ya ce na kunne ne.

Haka iyalina suka ci abinci ban roƙi kowa ba.

To a nan zaman ne maganar motar ta taso. Akwai wata tsohuwar kat-kat, irin mai ja da tayu huɗu, mai buɗaɗɗen baya da aka yi gwanjonta, ta daɗe a bayan gareji, kaji na ƙwai a ciki. Injinta ya mutu murus. Amma duk lokacin da Arzika ya wuce sai ya ƙwanƙwasa shasinta da sifana ya ce, "Ji nan. Ƙashi na nan."

Ƙauyensu yana can bayan Ɗan Kassari. Tsakaninsu da kwalta akwai ƙorama. Da rani yashi ne mai zurfi, da damina ruwa da laka. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙauyen ya zama kamar ba a ƙasar nan yake ba. Arzika yakan ce ƙoramar nan ba ta taɓa nutsar da kowa ba, amma kowace damina sai ta kashe mutum yana zaune a bakinta.

Shi ya sa yake son motar. Ranakun kasuwa ta ɗauko gero da wake, in samu abin yi. In damina ta yi kuma ta kwana a ƙauye saboda mai naƙuda da marar lafiya.

Na ce masa, "Patron, da wane hannu za ni ja ta?"

Ya ce, "Da wanga da yal lalace. Za ni sa mata sitiyari mai pompo. Da yatsa guda za ka juya ta."

Na yi masa dariya. Na ce in ka yi haka, ni kuma zan yi rawa a tsakiyar kasuwa ranar Juma'a. Ya ce in fara koyo.

Wallahi na ga aiki a motar nan.

Tsohon injin na esansi ne, wato fetur. Ya cire shi ya samo na gazuwal, mai shan dizal, daga wata mota da ta yi hatsari, babba, mai nauyin tsiya. Da sarƙa muka ɗaga shi, an rataya a reshen bedi, reshen yana ƙara muna salati. Da aka sauke, ƙafafun injin ba su faɗa inda na tsohon suke ba. Ya yanke, ya yi walda, ya gwada, bai yi ba, ya sake yankewa.

Arzika yana da mita amma ba ya yarda da ita. Da karan gero yake awo. Ya kara shi a jikin ƙarfe, ya datse da haƙori, ya soke a bayan kunne. In ka taɓa masa karan nan kun yi faɗa. Na sha ce masa wata rana akuya za ta cinye masa lissafi, kuma ta taɓa ci.

Ya ɗaga motar sama, ya ƙara mata ƙarfen baya, ya nemo manyan tayu. Bututun shan iska ma ya hau da shi har saman gilas, wai ko ruwa ya kai ƙugu ba za ta shaƙa ba.

Ranar da injin ya fara tashi, hayaƙi ya rufe mu, mai tuyar ƙosai ta ƙetaren hanya ta zage mu tas. Arzika yana tsalle cikin hayaƙin kamar yaro, yana ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, amarya ce tat tashi!"

Sai aka zo kan sitiyari, wanda shi ne nawa.

Akwatin sitiyarin da ya samo ba na irin motar ba ne, ramukan kusoshi ba su haɗu ba. Ya yanko farantin ƙarfe ya liƙa a shasi ya huda sababbi. Mazaunin pompo kuwa da hannunsa ya ƙera shi daga wata tsohuwar garmar shanu. Pompon ne ya fi ba mu wuya, don ba kowane ke shiga ba. Mun daɗe muna cigiya kafin a samu.

Da ya ɗaura, ya zuba mai, ya tada inji, sai ya ce in hau.

"Hannun dama cikin aljihu, Sofer. Ban son zamba."

Na sa yatsu biyu na hannun da kowa ya ce ya mutu. Na tura. Manyan tayun nan suka juya a kan yashi, ba ƙara, ba gardama. Na mayar ɗaya gefen, suka biyo.

Na kifa kai a kan sitiyarin na daɗe ban ɗago ba. Shi kuma ya yi kamar yana neman wata kusa a ƙasa har na gama.

Abin da ya rage kaɗan ne. Wani tiyo da ke yoyo, da birki, da fitilu.

Yanzu ku saurara, don nan ne maganar take.

A garejinmu na nan akwai abin da kowa ya sani: aro. In mota tana zaune ana aikinta, wata ta shigo da gaggawa, sai a kwance abu daga mai zaman a ɗaura wa mai sauri. In mai motar ya sayo nasa, a mayar. Ba sata ba ce, ba a kuma ɓoyewa. Da haka motocin garin nan suke tafiya, don ba komai ake samu a Dutsi ba, sai an aika Yamai ko an ƙetara iyaka.

Amma sauran makanikai daga motar baƙo suke ara. Arzika daga tasa yake ara.

Batirinmu ya je Kiéché ya yi sati. Demarer, abin tada inji, ya tafi da motar masu burodi. Jak ɗinmu kam na daina tambaya. In na yi magana ya ce, "To a bar mutum bisa hanya?"

Sai ga Alhaji.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ya san kansa, ku ma da yawanku kun san farar kat-kat ɗin da ake wankewa safe da yamma a ƙofar shago. Pompon sitiyarinta ya mutu ana gobe za a kai 'yarsa ɗaki a Yamai. Ya zo da kansa, da babbar riga, ya tsuguna a gaban Arzika, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Arzika, ka ruhe min asiri. Ina dawowa za a sayo sabo a maido maka naka."

Na ja Arzika gefe. Na ce ka ba da batir, ka ba da taya, ka ba da rigarka in kana so. Ban da pompon nan. Ka san wuyar da muka sha, kuma damina na tafe.

Ya cire tsinken bakinsa ya ce, "Sofer, ɗiya ce za a kai ɗaki. Kwana nawa ne?"

Ina kallo ya kwance shi. Man yana ɗiga a yashi.

Ga waɗanda ba su san mota ba: akwatin da aka yi don pompo, in ba pompo, ya fi tsohon sitiyari tauri. Ga nauyin sabon inji, ga manyan tayu. Ƙato mai hannu biyu lafiyayyu ba zai juya ta cikin laka ba, balle ni. Daga ranar motar ta koma abin da take da, wurin kwanan kaji.

An kai amarya. An dawo. An yi azumi, an yi salla. Pompo shiru.

Yau a ce an yi komand, an aika a kawo daga Kwatano. Gobe a ce kaya sun maƙale a hanya. Arzika kuma kunya ba ta barinsa ya tambaya sau biyu. Alhaji yakan wuce ta gaban gareji ya danna oda, Arzika ya ɗaga masa hannu da fara'a. Ni kuwa ina jin kukan pomponmu a cikin motar in ta sha kwana.

Na je shagon da kaina. Aka ba ni kujera da ruwan sanyi. Alhaji ya ce, "Haba Malam Tankari, ai Arzika namu na. Mi ag gaugawa?" Na fito da goron da ya ba ni a hannu, na jefar da shi a kwata.

Akwai wani abu kuma. Arzika yana da ƙaba, ta daɗe, kuma tun ɗaga injin nan ta ƙaru. Likita ya gaya masa a yi aiki. Kullum sai ya ce bari ya gama motar tukuna, don in an yanka shi za a hana shi ɗaukar nauyi wata da watanni.

Ganina da shi na ƙarshe, da safe ne, zai tafi ƙauye noman maimai. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya, ya dafe mararsa. Da ya gan ni ya sauke hannun.

Na ce, "Patron, ka bar gonar ga, mu tahi likita."

Ya ce, "In na dawo."

Na ce to ni zan koma wurin Alhaji, in ya ga dama ya kira mini 'yan sanda, amma da sifana zan je.

Ya yi dariya har ya sake dafe cikin. Ya zaro kara daga bayan kunne ya ba ni. Ya ce awon mazaunin pompo ne, in tafi Ƙwanni wurin masu tsofaffin kayan mota in gwada, kada in yarda da wanda aka wanke aka shafa wa mai don ya yi ƙyalli.

Sannan ya ce, "Ƙyale Alhaji, Sofer. Wata rana shi ma shina yi muna rana."

Kalmarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Ya hau bayan babur ɗin kabu-kabu a karkace, ya tafi.

Yau daga Ƙwanni ban zarce zuwa Dutsi ba, na sauka a Ɗan Kassari na nufi ƙauyen. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Bawa na ji shi, a zaune a ƙofar gidansu.

Shekaranjiya ciwon ya murɗe shi a gona. Ya ce zai lafa, ya saba. Bai lafa ba. Jiya da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, gari ya waye yana amai, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Sun gwada ɗora shi a babur, ya kasa zama.

Bawa ya hau tudu inda waya ke samun reso ya fara kira. Motar likita ta riga ta fita ɗauko wata mai haihuwa a wani gefen, ban ga laifinsu ba. Ya kira ni, wayata a mace. Sai ya bi lambobin da ke cikin wayar wansa, masu kat-kat ɗin da Arzika ya kwana ƙarƙashin motocinsu.

Wani bai ɗauka ba. Wani ya ce ba gazuwal. Wani ya ce direbansa ya tafi suna.

Arzika da kansa, yana kwance, ya ce, "Kira Alhaji. Shi ba shi ƙi."

Alhaji ya ɗauka. Ya yi salati, ya yi jaje. Sannan ya ce hanyar nan bayan ruwa ba ta mota ba ce, laka za ta shiga ko'ina, su yi ƙoƙari su fito da shi bakin kwalta, daga nan sai ya turo a ɗauke shi.

Bakin kwalta! In da za su iya kai shi bakin kwalta, wa ke neman kat-kat? A kwalta ko motar kifi ta ɗauke shi.

Suka shimfiɗa masa tabarma a amalanken jaki. Suka iso ƙorama rana tsaka. Jaki ya shiga, tayu suka nutse har gindi, suka turo baya da ƙyar. Suka gwada wani wuri, haka. Suka ce za su ɗauke shi a kafaɗa, amma da an taɓa shi sai ya yi ƙara, ga ruwa na ja, ƙafa na zurmawa. Sai suka kwantar da shi a inuwar wani gawo suna jiran ruwan ya ja baya.

Bawa ya ce can ya buɗe ido, ya ce a ɗaga masa kai. Ya daɗe yana kallon ruwan, irin kallon nan da yake yi wa ƙarfe kafin ya datse kara.

Sai ya ce, "Wanga ruwa? Da tamu ce, da giya ta biyu ta huce shi."

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada. Kafin la'asar ya cika. Amalanken da ya kawo shi, shi ya mayar da shi gida.

Na bi ta ƙoramar nan yau da ƙafata, zuwa da dawowa. Ruwan bai kai mini gwiwa ba. Sawun tayun amalanken na nan a cikin laka, inda suka shiga da inda suka juyo. Na tsaya a wurin da buhuna a kafaɗa kamar mahaukaci.

Matarsa Hajo ba ta ce mini komai ba sai, "Ka samo?" Na ce na samo. Ta ce, "To." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kun san al'ada. Bayan an rufe mutum ana shela, wanda ke riƙe da kayan mamaci ya fito da su, kada ya kwana da hakkin marayu. An yi a ƙauye jiya, an yi a masallacin unguwarsu a nan Dutsi yau da azahar.

Da na iso gareji da yamma ban gane wurin ba.

Jak ɗin da na daina tambaya yana nan. Sifanu a cikin leda. Batir biyu. Sarƙa. Wata taya da ni kaina na manta tamu ce. Mutane suna ta zuwa, kowa ya ajiye a gindin bedi, ya yi mini gaisuwa a gurguje, ba ya haɗa ido da ni. Tunda nake zama a garejin nan ban taɓa ganin kayan Arzika sun cika wuri ɗaya haka ba.

Ashe duk sun san hanya. Ashe ba mantuwa ba ce.

Ina zaune sai ga farar motar. Alhaji bai zo ba, direbansa ya turo. Ya fito da abu a kwali ya ajiye a kan bencin aiki. Pomponmu ne, da ɗuminsa, mai na ɗiga.

Na ce, "To ku da mi kuka tahiya yanzu?"

Direban bawan Allah ne, bai san abin da yake faɗa ba. Ya ce, "Ai sabon ya daɗe da zuwa, Malam Tankari, tun kahin salla. Shina cikin shago, lokacin canzawa ne ba a samu ba. Yau Alhaji ya ce a yi maza a canza, ba shi son kayan mamaci bisa wuyanshi."

Tun kafin salla.

Na tambaye shi canzawar ta ɗauki tsawon wane lokaci. Ya ce ko shayi ba su gama sha ba.

Ban zage shi ba, ba shi ya yi ba. Na ce ya gaishe da Alhaji.

Na kuma ga abin da Alhaji ya rubuta ɗazu, da hoton Arzika, wai ya yi rashin ɗan'uwa, mutumin kirki wanda ba ya hana kowa komai. Gaskiya ka faɗa, Alhaji. Ba wanda ya fi ka sani. Mutane suna ta yi maka ta'aziyya a ƙasa, Allah ya ba ka haƙuri.

Ni ban yafe ba tukuna. Ba zan yi ƙarya a ranar makoki ba. Arzika da yana nan zai ce in ƙyale, na san har muryar da zai faɗa da ita. Wataƙila nan gaba in iya. Yau ban iya ba.

Kuma har shi ina jin haushinsa. Ina jin haushinka, Patron. Kai da ba ka yarda da mita ba sai ka gwada da kara, ka yarda da bakin mutum ba awo. Ka bar ni da mota, ka bar Hajo da yara, don kada a ce ka tambayi kayanka sau biyu.

Yanzu ga ni zaune a kan tayar da na same ka rannan. A kan benci akwai pompo biyu, wanda ka ba da aro da wanda ka aike ni in sayo. Na gwada na Ƙwannin da karanka, ya yi daidai, ban bari an cuce ni ba. Wata da watanni muna neman guda ɗaya. Yau ga biyu, babu mai ɗaurawa.

Ni ban iya ba. Ni kunne ne kawai, kai ka faɗa.

In akwai makaniken da ya koyi aiki a hannunsa yana karanta wannan, ya zo gobe. Tiyo ne, da pompo, da birki, da fitilu. Na yi magana da Bawa da Hajo, sun ce motar ta tafi inda ya yi niyya. Damina ba ta ƙare ba, kuma akwai masu ciki a ƙauyen nan. Zan ja ta da hannun da ya ce, in kai ta bakin ƙoramar, in sa mata giya ta biyu.

Pompo na biyun kuma zai zauna a bayan kujera. Kada wanda ya zo aro. Ni ba Arzika ba ne.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da hannu duk baƙin mai. Ka san motocin da ya tayar a kan hanya, ka san gidajen da ya ciyar ya ce na kunne ne. Ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya sha a gindin gawon nan ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabari, ka haskaka shi. Bai taɓa barin kowa a hanya ba, ya Allah kada ka bar shi a hanya. Ka ƙetarar da shi lafiya. Ka raya abin da ya bari, ka ba Hajo ƙarfin zuciya, ni kuma ka cire mini wannan ɗacin in lokacinsa ya yi.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah kada ku tsaya a danna alama. Ku ɗaga hannu ku yi masa addu'a da sunansa, Arzika. Wanda ya taɓa hawa motar da ya gyara, ya yi masa sau biyu.